Takardun Suna Ofis

A ƙarshen wannan wata zan miƙa makullin ɗakin kaya in bar kamfanin da na yi wa aikin ɗaukar hoto daga sama na tsawon shekara shida a Birnin Kebbi, kuma tun da labarin ya fita, yaran da suka shigo bayana suke tambayata abin da zan bar musu. Sun ɗauka zan koya musu yadda ake bin kwalekwale da diron, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi, a kogin Matan Fada ba tare da hoto ya yi rawa ba, ko yadda ake lallaɓa batir a zafin Afrilu. Waɗannan hannunsu zai koya musu. Abin da zan ba su labari kwana huɗu ne da na yi a tsare a Zamfara cikin 2021, da kalmomi uku da suka kai ni can: takardun suna ofis.

Ba zan ce ban san da doka ba. Tun watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta sanar cewa babu wanda zai tashi jirgi mara matuƙi a sararin ƙasar nan, ko hukumar gwamnati ce ko kamfani ko mutum ɗaya, sai da izininta da kuma tantancewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Na ji wannan a bakin abokan sana'a tun kafin in taɓa rimot. A satina na biyu da fara aiki na tambayi Oga ko muna da izinin, ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, “Kai dai ka iya tuƙi, ƙanena, takardun suna ofis.” Ban sake tambaya ba. Shekara biyu muna ɗaukar bukukuwa da gonakin shinkafa a fadama da titunan da 'yan kwangila ke son nuna wa waɗanda suka ba su aiki, babu wanda ya taɓa ce mana kanzil, har na riƙa ɗaukar shirun mutane a matsayin shaidar cewa komai namu daidai yake.

Ranar 2 ga Maris 2021, ranar da aka sako 'yan matan makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara waɗanda 'yan bindiga suka sace, Babagana Monguno, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro a lokacin, ya fito daga taron majalisar tsaro ya ce Shugaba Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin Zamfara, ya kuma dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Na ji a rediyo kamar kowa, kuma kamar kowa na fassara shi da cewa jirage masu saukar ungulu ake nufi, waɗanda ake raɗe-raɗin suna sauke makamai a daji su kwashi zinariya. Abin da nake tuƙawa nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, a jakar goyo nake ɗaukarsa, don haka ko a mafarki ban sa shi cikin jerin jiragen da ake magana ba. Bayan mako uku Oga ya kira ni ya ce wani Alhaji mai gonar rani a yankin noman Bakolori yana son bidiyon gonarsa don ya kai banki. Na ce masa, “Oga, Zamfara fa ce, kuma ƙasar Talata Mafara.” Ya ce ya riga ya yi magana da manya, ya ƙirgo kuɗin mai a hannu ya ba ni. Ko layi ɗaya bai rubuta ba, ni kuma ban nema ba.

Da hantsi na tsaya a kan gaɓar babbar hanyar ruwa na kunna manhaja. Taswira ba ta nuna ja ba, diron ya tashi ba gardama, sai na ƙara samun natsuwa, don a lokacin na yarda cewa inda aka hana, na'urar da kanta za ta ƙi tashi. Ina kusan mita 80 a sama, ina bin layin shinkafa kore shar, na fara jin ƙarar babura. Kafin in sauko da shi mutum fiye da goma sun kewaye ni, wasu da adduna, biyu da bindigar toka, kuma kalmar da na fara ji daga bayana ita ce “infoma”, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Duk wanda ya san Zamfara a wannan shekarar ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma. Wani dattijo mai farin gemu ya ratso su ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce, “Yaro, wa ya aiko ka?” Na faɗi sunan mai gona, amma mai gona yana Gusau, mai gadinsa kuma da ya ga taron sai ya ce shi bai san da zuwana ba. Dattijon nan ne ya dage cewa a kai ni hannun hukuma maimakon a yanke mini hukunci a bakin ruwa, kuma har yau ban san sunansa ba.

Jami'in da ya karɓe ni bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya sa na buɗe bidiyon, muka kalla tare, ya tsayar da shi a wani wuri ya nuna da biro: can a kusurwar hoton, bayan iyakar gonar, ga rufin gidajen ƙauye, ga hanya, ga buhunan yashi na wani shingen jami'an tsaro da ni ban ma lura da shi ba. Sannan ya tambaye ni abu uku a jere, kamar mai karanta jerin cefane: takardar Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro da ke nuna wanda aka yarda ya mallaki na'urar ya yi amfani da ita, izinin NCAA na kamfani, da takardar da ta ba ni damar tashi a wannan wuri a wannan rana. Na ce, “Yallaɓai, takardun suna ofis.” Ya turo mini wayata ya ce in kira ofis ɗin, in sa kowa ya ji.

Oga ya ɗauka a bugu na uku. Da ya ji wanda ke magana sai muryarsa ta canza, ya ce, “Ranka ya daɗe, yaron yana yi mana aiki jefi-jefi, amma wannan tafiya gaskiya ban san da ita ba.” Ina tsaye da ragowar kuɗin man da ya ba ni a aljihu. Jami'in ya kashe wayar ya dube ni na ɗan lokaci, bai ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi mari zafi.

Sai da kawuna ya taso daga Jega, mai gonar ya zo da kansa, mai garin ya sa baki, aka kuma bi duk abin da ke cikin katin ajiyar hotunan diron da wayata, kafin a sake ni a rana ta huɗu. Diron ɗin, Phantom 4 Pro, bai dawo ba. Ba na ganin laifin waɗanda suka tsare ni, domin da ni ne a kujerarsu, mako uku bayan abin da ya faru a Jangebe, da na yi abin da suka yi. Da na koma aiki Oga ya tara ma'aikata ya yi jawabi a kan illar rawar kai, sannan ya sanar cewa za a riƙa cire sulusin albashina har a biya kuɗin na'urar. Wata 14 ana cirewa. Da yamma, bayan kowa ya watse, na roƙi sakatare ya buɗe mini durowar da ake cewa ofis. Takardar rajistar kamfani ce a ciki, da rasidin shagon da aka sayi diron ɗin a Kano, da wani tsohon kalanda.

Don in yi adalci, akwai dalilin da ya sa ƙananan kamfanoni irin namu suke kauce wa hanyar. A ƙa'idojin da aka fitar wancan lokaci ana neman kamfani mai jarin naira miliyan 20, da kuɗin duba takardu naira 500,000 da ba a mayarwa, kuma a shigar da buƙata wata shida kafin a fara aiki, ga tantance daraktoci ta fuskar tsaro. Mai ɗaukar biki a Argungu ko Yauri zai ga wannan kamar an ce masa ya rufe shago. Da Oga ya ce mini, “Ba mu da su, ba za mu iya ba, in za ka tashi ka san da haka,” da na riƙe shi da mutunci har yau, ko da na tafi ko ban tafi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗora mini kaya bai gaya mini nauyinsa ba, da kayan ya faɗi kuma ya ce bai san mai ɗauka ba.

Bashin ne ya hana ni tafiya, kuma tun da na zauna, na ce ni zan bi takardun. Na yi ta zirga-zirga Abuja a motar dare, na cike fom na sake cikewa, na koyi bambancin abin da ke hannun NCAA da abin da ke hannun NAMA mai kula da zirga-zirgar sararin samaniya, na yi kwas ɗin matuƙa da kuɗin da na ranta wurin matata. Ana cikin haka aka sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama ta 2022, sannan ƙa'idojin 2023 suka fito da sashe na 21 wanda aka keɓe wa jirage marasa matuƙa, na karanta shi shafi-shafi da ƙamus a gefe. Ranar da izinin kamfani ya fito, Oga ya sa aka yi masa firam ya rataye a bayan kujerarsa, kuma yanzu duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce mu ba ma wasa da doka. Nakan ji shi daga ɗakin kaya.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kada ku wuce ƙafa 400, kusan mita 120 ke nan, kuma kada diron ya ɓace wa idonku ko da allo yana nuna muku komai. Manhaja ba lauya ba ce: abin da kamfanin da ya ƙera na'urar ya sa a taswirarsa daban, abin da hukuma ta hana daban. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da bariki da gidan gwamnati da gidan yari, ku yi nesa da su sai da izini a rubuce, ko wane ne ya yi bikin. Kada ku tsaya a kan taron jama'a don ango ya ce yana son a ga yawan mutanensa. Izinin Abuja ba ya hana a kira ka infoma a ƙauye, saboda haka ku fara da gaisuwa wurin hakimi ko mai gari da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku nuna musu na'urar a ƙasa kafin su gan ta a sama. Kuma ku tuna cewa katangar gidan Bahaushe an yi ta ne don mai tafiya a ƙasa. Na taɓa goge aikin yini guda saboda tsakar gidan maƙwabta ta shigo hoto da matan gida a ciki, kuma ban yi nadama ba.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne wanda ya ci mini sulusin albashin wata 14. Duk wanda ya aike ku, ko Oga ne ko wanda ya fi Oga, ya rubuta a takardar kamfani: wuri, rana, sunan mai aikin, sa hannu da hatimi. In ya ce ba ku yarda da shi ba ne, ku ce kun yarda, jami'in da ke kan hanya ne bai san shi ba. Ni tun daga 2021 ban ƙara kunna diron ba sai da wata koriyar jakar roba a cikin jakata, mai ɗauke da kwafin kowace takarda, kuma sau biyu na sauke kaya daga mota na koma gida saboda an ce a tafi, takardar za ta biyo baya.

Jiya Oga ya leƙo ɗakin kaya ina lissafin batura, ya ce, “Ƙanena, in za ka tafi ka bar mana jakar nan taka.” Na zare takardun kamfani na jera masa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa. Ya miƙo hannu ga ta ƙarshe, shaidar matuƙi, sai na juya masa ita ya ga sunan da ke jiki, na mayar da ita jaka.