Abin da na fito da shi daga makarantar Baibul kan hukuncin Allah

Tunda na karɓi satifiket ɗina yanzu zan iya magana. Duk wanda ya zauna a ajinmu ya san babu labarin da Baba shugaban makaranta yake ƙauna kamar na Kora da Datan da Abiram da suka yi wa Musa tawaye, Littafin Ƙidaya sura 16. Ka tambayi ina kuɗin laburare suka shiga, Kora. Ka ce an rage maka maki ba dalili, Kora. Da safe a ɗakin sujada sai ya cire tabarau ya ajiye kan bagadi ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, wai ƙasa ta taɓa buɗe baki ta haɗiye masu tayar wa shafaffe kai kuma har yau ba ta ƙoshi ba.

Da aka ba mu aikin rubutu kan hukuncin Allah sai na zauna na karanta surar tun daga farko. Gaskiya ne ƙasa ta tsage, wuta kuma ta cinye mutum 250 masu ƙona turare, ban yi musun wannan ba. Amma a aya ta 15 Musa ya gaya wa Ubangiji ko jaki ɗaya bai taɓa karɓa a hannunsu ba, bai cuci kowa ba, kuma da Allah ya ce zai shafe jama'ar gaba ɗaya shi da Haruna ne suka faɗi rubda ciki suna roƙo. Wannan ayar fa ba a taɓa karanta mana ita ba. Na ɗora da Hofni da Finehas 'ya'yan Eli, firistoci ne, suna aiken bara da cokali mai yatsu uku ya caki naman hadaya ya kwaso musu, rana ɗaya suka mutu su biyun. Na kawo Sarki Ahab da ya ƙwace gonar inabin Nabot, na kawo Ezekiyel 34 inda Allah ya ce yana gāba da makiyayan da suke kiwon cikinsu suka bar tumaki. Wato mai gāba da Allah sau da yawa shi ne yake zaune a kujerar gaba, Bitrus ma ya ce daga gidan Allah hukunci zai fara.

Baba ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba. Ya ce ɗana, da wa kake? Na ce Baba da nassi nake. Ya ja jan biro a kan takardar ya rubuta ruhun tawaye, sai da na maimaita darasin, aka kuma cire sunana daga masu wa'azin ranar yaye ɗalibai. Malaman da suka yaba min a ɓoye ko ɗaya bai buɗe baki a taro ba.

Sauran darussan gajeru ne. Allah ba ya gaggawa, Nineba ta tuba a zamanin Yunusa ya ƙyale ta, sai a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu ta faɗi kamar yadda Nahum ya faɗa. Ba kowace masifa ce hukunci ba, duba mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne a Luka 13. Yakubu da Yahaya almajiran Yesu sun so su kira wuta kan ƙauyen Samariyawa Yesu ya tsawata musu, shi ya sa ni ma ba na yi wa Baba addu'ar wuta, ko da yake wani lokaci sai na danne zuciya. Ƙannena da kuka rage, in za ku rubuta kan Kora ku ajiye kwafi, nawa har yau ba a mayar min ba.