Godiya bayan daren tunawa da Tommy Tedesco

Alhamdu lillahi, an yi an gama, muryoyi sun dishe, ƙafafu sun kumbura. Waɗanda suka bi mu tun daga neman zaure har zuwa daren kun san yadda aka sha, ba sai mun maimaita ba.

Mandolin, wani ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya, ita ce ta kusa kunyata mu. Tedesco, makaɗin jita ɗan Amurka wanda aka haifa a Niagara Falls a 1930, ya rasu a 1997, ya shekara da shekaru yana kiɗa a situdiyoyin Los Angeles cikin makaɗan da ake kira Wrecking Crew. Jitarsa na cikin faifan Beach Boys da Elvis Presley da Frank Sinatra, da taken shirin Bonanza, amma da wuya ka ga sunansa a bangon faifai. Dabararsa ita ce ya ɗaure kayan kiɗa masu tsirkiya irin su mandolin da banjo da buzuki duk a ɗaurin jita, don yatsunsa su karanta takardar kiɗa ba tare da sake lissafi ba. Wannan muka so nuna wa ɗalibai.

Mandolin tsirkiya takwas gare ta, biyu-biyu, a sautukan G, D, A, E. Ɗaurin siraran tsirkiyoyi huɗu na jita kuwa D, G, B, E ne. Ta A ɗan ja kaɗan take so, ta E ba a taɓa ta. Amma masu kaurin nan na G da na D, in aka ja su zuwa D da G, ko su tsinke ko su sunkuyar da wuyan kayan. Dole a sauya su da sirara tun da wuri, a bar su su kwana su zauna. Ba a yi haka ba, biyu suka tsinke ana dab da buɗe ƙofa.

Baba mai gyara, kai da ka zo kallo kawai, ka hau babur ka ɗebo tsirkiyoyin shagonka, ka zauna a ƙasa ka ɗaura, ka ƙi karɓar ko sisi. Mun san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare maka idanu da hannuwa, ya raya zuriya, ya jiƙan magabata.

Hajiya mai abinci, da yaran da suka kwashe lasifika har ƙarfe biyun dare, Allah ya saka da alheri, ya biya buƙatu. 'Yan'uwa da suka ce a ajiye musu kujerun gaba, mun ajiye har aka tashi. Allah ya sa lafiya ce ta hana.

Wanda ya tafi da igiyar amfilifaya baƙa bisa kuskure ya taimaka ya dawo da ita, aro ce.