Laraba cikin hunturu: sanda ta fara zamewa

Aikin wankin tagogi na yau wani bene ne mai hawa uku a Sabon Gari, ta wajen PZ, gilasai a gaba, faifan sola a kan rufi. Sanyi bai bar mu mun fita da wuri ba, sai da hantsi ya ɗaga muka isa ni da yaron da ke koyon aiki a wurina. Ƙura ta kwanta a tagogin nan har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa.

A Zariya ruwa shi ke cin ribar wannan sana'a ta wanke tagogi daga ƙasa da doguwar sanda mai gaɓoɓi da ke shigewa cikin juna, buroshi a kanta, tiyon ruwa a cikinta. Sai mun saya a hannun 'yan garuwa, mu bi da shi ta matata har na'urar da ke auna ma'adinan da suka narke a ruwa ta nuna ƙasa da 10, domin ruwan burtsatse in ya bushe a gilashi farin tabo yake bari. Tatacce kuwa kurkurewa kawai za ka yi, ya bushe da kansa tas. Famfon batir ɗina yana tura kusan lita 2 a minti ɗaya, ke nan jarka mai lita 25 ba za ta kai minti 15 ba in aka bar ta tana zuba. Shi ya sa na sa bawul mai buɗe ruwa da rufe shi a cikin gaɓar sandar ta sama, daf da buroshi. Ka fizgi tiyo daga ƙasa ruwa ya zo, ka sake fizga ya ɗauke. Tsakanin taga da taga ko ɗigo ba ya zuba a banza.

Amma yau na ga abin da fizgar take yi. A gindin sandar, inda tiyo ke fitowa, murfin robar ya zaftare, tiyon ya haƙa masa hanya har ya kusa cim ma jikin sandar. Da rana ta take, tiyon ya yi laushi yana miƙewa, ka ja sau ɗaya bawul bai ji ba sai ka ƙara ƙarfi, kowane ja kuwa gugar wurin yake yi.

Muna hawa na uku sai gaɓa ta biyu ta soma zamewa tana komowa ciki. Yaron ya dubi maɗaurin da ke riƙe gaɓar ya ce, "Oga, in ƙara ɗaure notin?" Na ce masa ya fara duba tafin hannunsa. Baƙi ƙirin. Wannan baƙin jikin sandar ne, kabon ɗin da aka yi ta da shi ne ke zubewa gari-gari. Tiyo yana jan ƙasa a tsakar gida, ya kwashi yashi a jiƙe, da ka naɗe sanda ya shige ciki da shi. Yashin ya zauna tsakanin gaɓoɓi da ƙarƙashin maɗauri, duk miƙewa da naɗewa yana cin su kamar samfefa. In ka matse noti a kan yashi, cin ka ƙara masa. Muka sauke, muka kurkure wurin, sannan aka ɗan juya notin kaɗan, ta riƙe.

Wani abokin sana'a ya sha gaya mini in cire bawul ɗin, in rataya makunnin famfo a ƙugu, sanda ta huta. Ban yarda da shi ba. Makunnin ƙugu sai ka saki hannu ɗaya, ga sanda a miƙe sama, ga iskar hunturu, ga wayoyin lantarki sun ratsa gaban gidaje a Sabon Gari. Sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki. Murfin roba ana sake shi da kuɗi kaɗan, ni dai gara hannuna biyu su zauna a kan sanda.

Bayan la'asar a gida na zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, na wanke ciki da waje, na goge da tsumma na jingine su a inuwa. Ban shafa mai ba, kuma na hana yaron ya taɓa yi, don mai ƙura yake kamawa. Inda ya sirance na naɗa salatif zagaye ɗaya, gindin kuma na yanko guntun tsohon tiyon lambu na zura a matsayin kariya. Daga gobe tsumma zai riƙa zama a hannun yaron, yana share tiyo kafin a naɗe. Tiyo mai tauri wanda ba ya miƙewa a rana zan sa a nemo mini a Kano, in sha Allahu kafin aikin Samaru na mako mai zuwa.