Ranar Hangul a Seoul

9 ga Oktoba

Yau babu lakca, hutu ne a duk faɗin Koriya ta Kudu saboda haruffansu, Hangul. Tun da safe na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa dandalin Gwanghwamun inda aka kafa ƙaton mutum-mutumin Sarki Sejong yana zaune da littafi a hannu, wallahi cikar jama'a sai ka ce hawan sallah, yara sun sha hanbok, wato tufafinsu na gargajiya, ga wani dattijo ya shimfiɗa farar takarda yana jan baƙaƙe da burushi da tawada hannunsa ko rawa ba ya yi, na daɗe tsaye a kansa.

Shi Sejong ɗin a 1443 ya ƙirƙiro haruffan, aka fitar wa jama'a a 1446 da sunan Hunminjeongeum. Kafin nan da rubutun Sin suke fama, dubban alamomi, sai ɗan masu hali da ya samu shekaru yana karatu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da sarkin ya bayar da kansa, wai talakawa da yawa suna da abin faɗa a bakinsu amma ba sa iya rubutawa, shi ne tausayinsu ya kama shi. Sarki fa! Kuma manyan fada ba su so ba, a 1444 wani malami Choe Manri har takardar adawa ya rubuta, daga baya a 1504 wani sarkin ya hana amfani da su don an liƙa takardun sukarsa da su.

Da haruffan 28 ne, yanzu 24 suka rage, 14 baƙaƙe 10 wasula. Kuma siffarsu ba kara-zube ba ce, ㅁ siffar bakin mutum ce, ㄱ kuma yadda tushen harshe ke tokare maƙogwaro in za ka ce ka. Ina tsaye a wajen ina ta gwadawa ka ka ka, wata yarinya ta juyo tana dariya, ta karɓi wayata ta buga min sunana da Hangul.

Wai ashe a 1991 gwamnati ta taɓa cire ranar daga jerin hutu don a ƙara kwanakin aiki, sai 2013 aka dawo da ita. Gaskiya gara da suka dawo da ita. Su kuma 'yan Koriya ta Arewa 15 ga Janairu suke nasu bikin.

Ƙafata ciwo take, bari in dafa indomi in kwanta, gobe da sassafe akwai aji.