Suga da hawan jini sun kai har bakin Hajiya

Ni nake riƙe da katin asibitin Hajiyarmu tun da aka tabbatar mata da hawan jini, daga baya suga ya biyo. Abubuwan da ake ja mana kunne a kansu sanannu ne: ido, ƙoda, gyambon ƙafa, shanyewar ɓarin jiki. Baki kuwa ba ya cikin lissafin kowa, har sai da ta fara mayar da kwano da nama a ciki, ta bar goron da ta yi shekara da shekaru tana ci, asuwakinta kuma kullum ya fito jajir da jini. 'Yan uwa suka ce tsufa ne. Wata maƙwabciyarmu a nan Gwale ta kawo kanumfari, wata ta ce tsutsar haƙori ce. Kanumfarin yakan lafar da zogi na ɗan lokaci, amma haƙoran gaba na ƙasa sai ƙara girgiɗa suke yi.

Da muka je wurin likitan haƙori, bai ce ta buɗe baki ba sai da ya zazzage ledar magungunanta a kan tebur: metformin na suga, amlodipine da ƙwayar sa fitsari na hawan jini, sai ƙaramin asfirin. Ya auna jininta, ya tarar ya haura 180 bisa 110. Nan take ya ce ba zai cire komai ba ranar. Hajiya ta ɓata rai, ta ce, "Ɗan nan, ni haƙori na kawo maka, ba jini ba." Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Tsoro da zafi suna ƙara ɗaga jini, in na taɓa ki a haka zan iya jawo miki abin da ya fi ciwon haƙorin." Ya rubuta takarda ya ce mu kai wa likitanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haƙoran da ke girgiɗa ba su da kogo ko ɗaya. Ciwon a dasashi yake. Dattin da ke manne wa gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta, idan ya daɗe sai ya daskare, burushi ba ya iya fitar da shi. Mai lafiya ma yana samun wannan, amma idan suga ya daɗe a sama, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna yin rauni, ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da dasashi suna lalacewa, kumburi kuma ya ƙi lafawa. A hankali ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, kamar katangar ƙasa da ruwan damina ya ci gindinta: sama lafiya ƙalau, ƙasa babu abin riƙewa. Mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin wannan cuta kusan ninki uku, musamman idan sugan ba ya zama daidai. Tun a 1993 masana suka fara lissafa ta a matsayin illa ta shida ta ciwon suga, amma ban taɓa jin an ambace ta a layin masu suga ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Dasashi mai ruɓa da mugunya shi ma yana hana suga sauka, domin kumburin yana sa jiki ya ƙi jin insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini. Bincike ya nuna cewa wanke gindin haƙora da kyau yana rage awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, da kusan 0.4. Ga wadda ake fafutukar saukar da nata ƙasa da 7, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi hawan jini, yawancin ɓarnarsa a baki ta hanyar magani take zuwa. Dasashin Hajiya ya yi kauri ya hau kan haƙora, mu muna cewa kumburi ne. Ashe amlodipine, da ɗan uwansa nifedipine, suna sa naman dasashi ya tofo a wasu mutane, ya fi yawa inda akwai datti. Ba mu dakatar da maganin da kanmu ba, kuma ina roƙon kowa kada ya yi haka. Likitanta ne ya duba ya sauya mata wani, aka yi wankin haƙori, naman ya ja baya a hankali.

Sai bushewar baki. Ƙwayar sa fitsari tana kawo ta, suga mai yawa ma haka, ga hunturun Kano a kai. Hajiya takan tsotsi alewa don makogwaro ya jiƙe, wani lokaci ta kurɓi lemon kwalba. Yawu shi ne mai wanke baki da kashe tsamin da ke cin haƙori, to ga shi ya ragu, ga zaƙi an ƙara. Har farin abu ya fito mata a harshe da cikin kumatu yana raɗaɗi, likita ya ce naman gwari ne, wata ƙwayar cuta da ke son bakin mai suga, ya ba ta magani. Yanzu gorar ruwa ce a gefen dardumarta.

Ranar cire haƙoran da ba su cetuwa, da safe aka ba mu lokaci, aka ce ta karya kumallo ta sha magungunanta kamar kullum, kada ta zo da yunwa suga ya faɗi tana kan kujera. Asfirin ma, duk da yana sa jini ya jima bai tsaya ba, ba a ce ta daina ba, auduga aka danna mata har jinin ya tsaya. An hana mu sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis, saboda suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda, farasitamol aka ba ta. Washegari ta fara kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, tana tofarwa. Ramin ya ɗan jima bai rufe ba, kamar yadda aka gaya mana, don haka kullum sai na haska da fitilar waya na duba.

Asuwaki bai bar hannunta ba, sai dai yanzu tana tauna bakinsa ya yi laushi, ba ta dirza. An ƙara burushi mai taushi da man goge baki mai fuloraid, safe da kafin barci, an kuma daina sakace da tsinken tsintsiya. Duk wata shida muna komawa, ko ba ta jin komai, domin ciwon dasashi ba ya zafi sai ya yi nisa. Wanda bai san inda zai dosa ba, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Ya tafi da dukkan magungunansa da sakamakon awonsa na ƙarshe.

An yi mata haƙoran roba a gurbin waɗanda aka cire. Tana cire su da dare ta wanke ta sa a ruwa, don naman gwarin nan yana son ɓuya a ƙarƙashinsu. Yayanmu da ke Kantin Kwari ya ce shi ma yana ganin jini in ya goge baki, ga yawan fitsarin dare, Hajiya da kanta ta matsa masa ya je a auna masa suga, kuma ya je.