Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mun Dawo da Auta Gida

A makon jiya na tsaya a inda likitar asibitin ciwon daji na Wad Madani, a ƙasar Sudan, ta kira ni da Malam ofishinta. Ba ta yi mana kwana-kwana ba. Dajin jinin da ke jikin Auta ya dawo, ƙarin kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) kuma ba abin da zai ƙara masa sai wahala. Ta ce mu koma da shi garinmu Mai Wurno, amma ba hannu rabbana ba, domin akwai sashen da aikinsa ke nan, rage wa majinyaci raɗaɗi idan warkewa ta gagara. A 2022 ke nan, Auta yana da shekara 4.

Wata nas ta zaunar da ni, ta miƙo mini kwalbar mofin na ruwa, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, da sirinji marar allura, ta nuna mini layin da zan tsaya. Duk bayan awa 4, dare da rana, kada in jira sai ya fara kuka. Ta haɗa mini da maganin sakin ciki, saboda mofin yana ɗaure bayan gida. Ta kuma koya mini karanta yaron da ba zai iya faɗin inda ke masa ciwo ba: yamutsa fuska, dunƙule hannu, ƙin a taɓa shi. Sannan ta ba ni lambar da zan kira.

Kafin mu sauke kaya labari ya zaga unguwa cewa asibiti sun sallame shi. Surukata ta ɗaga kwalbar ta jujjuya.

"Ke 'yar nan, wannan ba shi 'yan ƙwaya ke sha ba? Ku bar yaro da Allahnsa, ku yi haƙuri."

Na ce, "Inna, da Allahnsa yake. Kukan ne ba zan iya ji ba."

Mu nan jikokin waɗanda suka baro ƙasar Hausa ne bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da haƙurin kakanninmu ake yi mana tarbiyya. Ban raina wannan ba. Amma haƙurin babba daban, a zuba wa yaro ido yana murƙususu alhali maganin na kan taga daban. Inna ba ta sake magana ba sai da ta ga ya yi barci har asuba. Daga nan ita ce mai tashina: "Lokacin maganinsa bai yi ba?"

Jinyar gida aiki ce ta gaske. Da rana mukan fito da angarib ɗinsa, wato gadon igiya, ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, don ɗaki ba ya zaunuwa idan an ɗauke wuta. In jiƙa ƙyalle da ruwan tulu in shafe masa wuya da hammata. Bakinsa duk ya yi gyambo, sai in naɗa auduga a yatsa in tsoma a ruwan gishiri kaɗan in goge a hankali. Ina juya shi akai-akai kada bayansa ya kwaile. Abinci kuwa nas ta hana ni yi masa ɗura. In ya karɓi cokali biyu na kunu, alhamdu lillahi. Malam na yi masa tofi da rubutu, ba wanda ya hana.

Na so in kore yayyensa, nas ta ce in bar su. Sai ga shi suna jera masa murafun kwalba a kan tabarma yana ba su umarni.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne ƙaro maganin. Ba a sayar da mofin a kemis, dole Malam ya hau mota ta Sinnar har Madani da takardar likita. Shi ya sa da yaƙi ya ci Madani a Disambar 2023, iyaye mata masu irin wannan kwalba na fara tunawa.

Ana nan wata Juma'a da dare numfashin Auta ya sauya, na kira lambar nan, ba sabis. Abin da muka yi a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.