Bayan ruwan daren jiya, daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi

Talata, cikin Agusta.

Ruwa ya sauko tun bayan isha'i, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Gari na wayewa layukan cikin Kalgo duk sun koma taɓo, 'yan kabu-kabu na bin gindin katanga suna jan ƙafa a ƙasa. Babban titin da ya taso daga Jega ya ratsa nan ya shiga Birnin Kebbi kuwa, ranar irin wannan ce ake gane lafiyarsa. Inda ruwa ya tsane kafin hantsi, titin ƙalau yake. Inda ya kwana ya wuni a kan kwalta, nan rami zai fito kafin kaka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwaltar da muke gani a sama ba ta fi santimita 4 zuwa 5 ba a yawancin hanyoyinmu. Abin da ke ɗaukar nauyi yana ƙasa: dakakken dutse ko marmara, ƙarƙashinsa jan ƙasa da aka danne. Da zarar kwalta ta tsage, ruwa ya sami ƙofa, ya jiƙa marmarar ta yi laushi. Tirela ta zo ta taka, kwaltar ta lotsa ta dawo, ta lotsa ta dawo, har ta farfashe kamar bayan kada. Daga nan taya ce ke tsince ta ɗai-ɗai. Ga lodi fiye da kima da masu ɗauko shinkafa da siminti da albasa ke yi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce idan nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Ƙananan motoci ɗari ba su yi wa kwalta abin da tirela ɗaya mai lodin ganganci ke yi mata ba.

Wajen ƙarfe tara, kafin a kai mararrabar Bunza, wasu samari uku sun tare wani rami da shebur da baro suna zuba masa yashi da fasassun bulo, direbobi na miƙo musu canji. Niyyarsu mai kyau ce, amma aikin ba ya kwana biyu. Yashi ba ya kama jiki, kuma sun zuba shi cikin ruwa. Wani dattijo da ya tsaya da kekensa ya ce wa babban cikinsu, "Ɗana, ku kwashe ruwan tukuna, ku nemo jan ƙasa." Yaron ya ce, "Baba, ina muka ga tifa?" Shi ma da gaskiyarsa.

Gaba kaɗan na tarar da ma'aikata na facin gaske, na tsaya na kalla. Sun shata ramin da alli, suka bar tazarar kamar taƙi ɗaya cikin lafiyayyar kwalta, suka yanke shi murabba'i, bakinsa a tsaye kyam. Wannan yankan shi ne rabin aikin, domin facin da aka zuba cikin rami mai siffar kwano, bakinsa siriri ne, taya na taɓa shi zai ɓare. Suka haƙe duk abin da ya jiƙe har suka isa busasshiyar ƙasa mai tauri. Sannan suka riƙa zuba dutse hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, a ɗan yayyafa ruwa a danne da injin dannewa kafin a ƙara wani. Ana gane danshin ya yi daidai idan ka dunƙula ƙasar a hannu ta tsaya ba ta ɗiga ba, ba ta kuma wargaje ba. Bayan haka suka share ƙura tas, suka shafa ruwan kwalta a ƙasan ramin da bangayensa huɗu, don sabo ya manne da tsoho.

Inda na ji ba daɗi shi ne da motar kwalta ta iso. Ba a rufe ta da tamfol ba, ga garin a lumshe. Kwalta tana son a shimfiɗa ta da zafinta, wajen digiri 140 ko sama, a bi ta da rola nan take. Idan ta huce sai ta yi gudaji, rola ta hau ta sauka ba ta danne ba, ƙananan ƙofofi su rage a ciki, ruwa kuma ya samu hanya. Shugaban ma'aikatan ya ware wadda ta sandare a gefen mota ya ƙi amfani da ita, na yaba masa. Sun tara facin ya ɗan ɗara titin tsawo kafin rola, ya zauna daidai bayan an danne. Facin da ya zauna ƙasa da titi tafki ne aka gina.

Sai dai duk wannan wahala za ta tafi a banza muddin gefen hanyar yana yadda na gan shi. Titi ana yin sa da ɗan doro a tsakiya, gangarar santimita 2 da rabi a kowace mita, don ruwa ya zirare gefe. To yashi da ciyawa sun taru a kafaɗar titin har sun fi kwaltar tudu, ruwan ba shi da mafita. Gireda ɗaya za ta kankare wannan cikin wuni guda, kuɗinta kuma bai kai na faci ba. Kwalbatin da ke wurin na leƙa shi, ya cika da rairayi da leda fiye da rabi. Irin wannan ne ke sa ruwa ya bi ta kan titi ya cinye bakinsa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ya san yadda hanya ke yankewa dare ɗaya.

Cikin Birnin Kebbi manyan tituna sun tsane da wuri, sai layukan unguwanni irin su Badariya da Bayan Kara da ruwa ke daɗewa a wasu lungunan. Can matsalar rabinta tamu ce. Mai shago ya toshe lambatu da ƙasa don mota ta shiga ƙofarsa, mai gini ya juye tifar yashi a bakin kwata, mai shara ya jira hadari ya haɗo ya zuba. Wanda zai yi mashiga ya zuba murfin kankare mai rodi wanda za a iya ɗagawa a yashe, kada ya cike magudanar.

Da la'asar na dawo, facin safe ya sha taya yana nan daram. Ramin samarin kuwa yashin ya watse, bulon ya fito yana jiran tayar mai tsautsayi. Bayan magariba mai unguwa ya aiko a sanar cewa ranar Asabar da safe za a yi aikin gayya a yashe lambatun layinmu, kowane gida ya fito da shebur ko baro, kuma abin da aka kwaso a kai shi bola ranar, kada a tara shi a bakin kwata ruwa ya mayar da shi ciki.